Tambaya Ta Bakwai

A Oulu, ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya shimfiɗa tabarma.
Ni ce Sirkka, mai zuba lambobi cikin na'ura,
tagata na kallon ƙanƙara, shayina ya huce.
Kwalaye sun iso daga ƙasashe masu nisa,
tambayoyi iri ɗaya, harsuna dabam-dabam.

Ta bakwai ce ke tsaya mini a wuya:
"In baƙin ciki ya sauka a gidanka,
yaya yardarka da kanka cewa za ka riƙe linzaminsa?"
Ɗaya, ba na iyawa.
Biyar, ko gezau.

Suna ba ya cikin aikina,
amma ido ba ya neman izini.
Daga tsibirin Jeju, Gong Pil-nyeo,
shekara saba'in da ɗaya,
mai nutso cikin teku ba tulun iska a bayanta.
Mai tambaya ya ƙara da fensir a ƙasa:
ta binne ɗanta ran Talata,
ran Alhamis ta koma ruwa.
Biyu ta zagaye.
Wai mai cewa biyar bai san kunya ba,
teku kuma yana jin masu cika baki.
Na buga biyu. Na'ura ta haɗiye, ko tari ba ta yi ba.

Nemesia Choque ta Potosí ba ta zagaye komai ba.
Jikanta ta sa ya rubuta mata a gefe:
"Ni kaɗai kuke nufi?
Ranar da aka fito da mijina daga rami
mata tara suka riƙe ni,
wata ta tallafe kaina, wata ta dafa dankali.
Ku tambaye mu tare, mu ba ku lamba."
Babu gurbin mutum tara a allona.
Ƙa'ida ta ce in bar fili,
a lissafa ta cikin amsoshin da suka ɓace.

Sai kwalin garinmu.
Tun ban ga suna ba na gane hannun,
yadda yake danna biro har takarda ta huje.
Veikko, mahaifina.
Biyar.
Biyar a ta bakwai, biyar a ta takwas, biyar har ƙasa.
Hunturu biyu ke nan da rasuwar uwata,
bai taɓa kiran sunanta ba.
Cikin dare yake faskare,
itace ya taru har ya tokari rufi,
wanda zai ishe mu shekara shida.

Ran Juma'a Farfesa Kemppainen ya haska zane a bango.
Sandar garinmu ta fi ta kowa tsawo.
Ya sosa gemu, ya ce, "Mu yi hattara,
abin da baki ya faɗa muka auna."
Muka gyaɗa kai, aka wuce shafi na gaba.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Takarda ba ta da fuska.
Mudu ɗaya muka kai kasuwanni,
a nan ana cika shi har ya yi toro,
a can ana share bakinsa don kunya,
wata kuwa ta ce hatsin ba nata kaɗai ba ne.

Da kowa ya watse na jawo takarda marar rubutu.
Biro ya yi ta shawagi tsakanin uku da huɗu
kamar tsuntsun da ya rasa reshe.
Na ajiye shi. Na ɗauki waya.

Ta daɗe tana ƙara.
Ya ɗauka yana haki.
"Lafiya?"
"Lafiya, Baba. Itacen nan ai ya isa."
Shiru.
Ina jin iska, ina jin ya jingine gatari.
Can ya ce, a hankali,
"Helmi ba ta son sanyi."